Feliway Friends a gidan Birnin Kebbi: ko tana sulhunta magunan da suka ɓata?

Maguna biyu da suka tashi tare, suna ci a kwano ɗaya, suna kwana kan tabarma ɗaya har wannan ta riƙa lasar kunnen waccan, sai a wayi gari sun koma kamar ba su taɓa ganin juna ba. Da sun haɗa ido sai huci, sai gurnani, kafin a ankara gashi ya watse a tsakar gida. A nan Kebbi wani zai ce mussa, wani ya ce kule, wani mage ko kyanwa, amma tambayar masu gidan ɗaya ce: me ya shiga tsakaninsu, kuma akwai abin da kuɗi zai saya ya gyara? Masu sayar da kayan dabbobi a Legas da Abuja suna da amsa a bakinsu, wato wata 'yar na'ura da ake maƙalawa a soket mai suna Feliway Friends.

Hukuncina a kanta a taƙaice shi ne, ba kayan damfara ba ce, amma ba a ƙera ta da gidajenmu a zuciya ba. An yi ta ne domin rufaffen gida mai wutar da ba ta ɗaukewa. Wanda yake da sola ko inbata, kuma magunansa a cikin ɗaki suke wuni, zai iya ganin amfaninta. Wanda magunansa ke yawo tsakanin zaure, madafi da kan katanga, ya riƙe kuɗinsa.

Kamfanin Ceva na ƙasar Faransa ne ke yin ta. A Amurka ana sayar da irinta da sunan Feliway MultiCat. Abin da ke cikin kwalin guda biyu ne: kan na'urar da ake cusawa a soket, da 'yar kwalba mai ɗaukar mililita 48 na ruwa, da lagwani tsaye a tsakiyarta. Ana cire murfin kwalbar, a murɗa ta a ƙarƙashin kan, a maƙala. Akwai ɗan ƙarfe mai ɗumama a ciki, shi ke gasa saman lagwanin a hankali har ruwan ya riƙa tashi cikin iska. Duk wanda ya san maganin sauro na ruwa da ake maƙalawa a bango ya riga ya san yadda take aiki. Kamfanin ya ce kwalba ɗaya tana kai kwana 30, tana game wuri mai faɗin murabba'in mita 70, kuma a sake kan na'urar bayan wata shida.

Abin da ke cikin ruwan ana kiransa feromon, wato wani sinadari da dabba ke fitarwa domin aika saƙo ga 'yan'uwanta. Mu hancinmu ba ya kama shi. Mage tana da wata gaɓa a ganɗarta ta sama da take karanta irin wannan saƙo da ita. Shi ya sa wani lokaci za ka gan ta ta shinshina abu sannan ta tsaya baki a buɗe kamar wadda ta manta abin da za ta ce. Uwar mage mai shayarwa tana fitar da wani feromon daga fatar da ke kewaye da nonuwanta, wanda ke kwantar wa 'ya'yan hankali su zauna tare lafiya. Kwaikwayon wannan ne aka zuba a kwalbar Friends. A lura, Feliway Classic daban take. Ita kwaikwayon abin da mage ke gogawa da kumatunta a ƙafar kujera ne, an fi nufinta ga mai fitsari a bango ko mai tsoron sabon wuri. Masu shago sukan miƙo wadda ke hannunsu su ce ai duk ɗaya ne. Ba ɗaya ba ne, a karanta jikin kwalin.

Akwai bincike a bayanta, amma a san girmansa. A shekarar 2019 wata mujallar likitocin maguna ta wallafa gwajin da aka yi a gidaje 45 masu maguna da ke faɗa. An ba wasu na'ura mai sinadarin, wasu aka ba su wadda babu komai a ruwanta, aka bar su kwana 28. Faɗa ya ragu a ɓangarorin biyu, sai dai ya fi raguwa a gidajen da suka sami ta gaske. Abu biyu mai saye ya kamata ya riƙe. Na farko, duk masu gidajen an koya musu yadda za su bi da magunan kafin a fara, wanda wataƙila shi ne dalilin da ya sa har masu ruwan banza suka ga sauƙi. Na biyu, cikin waɗanda suka rubuta binciken akwai ma'aikatan kamfanin. Wannan bai sa ya zama ƙarya ba, amma gidaje 45 ba su da yawa, kuma babu ko ɗaya a cikinsu da ke fama da ɗauke wuta irin tamu.

Kafin a je ga soket, sai an san abin da ya haddasa faɗan, domin a cikin dalilai huɗu da aka fi gani, biyu na'urar ba ta da abin da za ta yi musu.

Na farko shi ne huce haushin kaza a kan dami. Mage tana zaune a taga, sai ga baƙon muzuru ya hau katanga ya tsaya yana kallonta. Ƙwayar idonta ta buɗe ta yi baƙi ƙirin, kunnuwa suka kwanta, wutsiya ta kumbura kamar tsintsiyar laushi. Ba ta da hanyar kai wa gare shi. A daidai lokacin 'yar'uwarta ta fito daga ƙarƙashin gado ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba, sai duka ya sauka a kanta. Muzurun ya tsallake ya tafi abinsa, mai gida bai ma gan shi ba, abin da ya gani kawai maguna biyu sun kaure ba dalili. Ba baƙon muzuru kaɗai ke jawo wannan ba. Ƙarar bindigar wasa ta yara lokacin Sallah, tsawar farkon damina, faɗuwar tukunya, tayar da janareta kusa da inda suke kwana, duk suna yi. Matsalar ita ce abin ba ya ƙarewa a ranar. Wadda aka daka ta koyi tsoro, da ta hango waccan sai ta ruga, gudun kuma shi ke sa a bi ta. Haka faɗan minti ɗaya ke zama gabar wata uku.

Na biyu shi ne rashin gane wari. Maguna da hanci suke sanin ɗan gida. Goga jiki da lasar juna da suke yi, haɗa warinsu suke ya zama ɗaya. In aka kai ɗaya asibitin dabbobi ta dawo da warin magani da na wasu dabbobi, ko aka yi mata wanka da sabulu mai ƙamshi, ko ta maƙale kwana biyu a rumbun maƙwabta, ta gida za ta tarbe ta kamar baƙuwa. Wannan ya fi sauƙin warkewa, sau da yawa cikin 'yan kwanaki, in dai ba a bari sun yi kare jini biri jini a haɗuwar farko ba.

Waɗannan biyun su ne filin da Feliway Friends ke iya taimakawa.

Na uku ciwo ne. Mage gwanar ɓoye ciwo ce, ba ta ɗingishi sai abin ya yi nisa. Haƙorin da ya ruɓe, ciwon gaɓoɓi ga wadda ta tsufa, ciwon kunne, ko ƙurjin da ke taruwa ƙarƙashin fata kwana biyu zuwa huɗu bayan cizo, duk suna sa ta ƙi a taɓa ta, kuma wadda ta saba kwanciya a jikinta ita za ta fara shan hannu. A shafa jikinta a hankali, musamman gindin wutsiya, wuya da kumatu, a ji ko akwai kumburi mai zafi. A duba ko ta rage ci, ko tana tauna da gefe ɗaya, ko ta daina hawa inda ta saba hawa. Muzurun da ke tsugunawa yana yunƙurin fitsari ba ya fita, ko yana kuka, wannan ba na jira ba ne; toshewar mafitsara tana iya kashewa cikin kwana ɗaya zuwa biyu. Kuma don Allah kada a ba mage farasitamol. Hantarta ba ta iya sarrafa shi, ƙwaya ɗaya ta miligiram 500 tana iya kashe ta. Haka ibuprofen da diclofenac na kemis. Haka kuma maganin ƙuma na karnuka mai sinadarin permethrin, wanda ke sa mage makyarkyata da farfaɗiya. In aikin ya fi ƙarfin asibitin dabbobi na gari, akwai asibitin koyarwa na likitocin dabbobi a Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato.

A ƙarƙashin wannan akwai abin da ba a wasa da shi a ƙasarmu. Ciwon haukan kare yana kama mage. Magen da ke fita waje, ba a yi mata rigakafi ba, ta sauya hali farat ɗaya, tana kai wa komai cizo har mutanen da ta sani, yawu na dalala, muryarta ta canza ko ƙafafun baya sun fara saki, ba maganar na'ura ake ba. A rufe ta inda ba wanda zai taɓa ta, a kira likitan dabbobi. Wanda ta ciza ko ta yakusa ya wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, ya wuce asibiti a ranar domin allurai, kada ya tsaya jiran alama, domin in alama ta bayyana an makara. Ko cizon lafiyayyar mage ma ba abin rainawa ba ne. Haƙorinta siriri ne, yana shiga ciki bakin ya rufe, hannu ya kumbura kafin a kwana.

Na huɗu balaga. 'Yan muzurai biyu da suka tashi suna wasa, da sun doshi shekara sai wasan ya fara tsami, musamman in akwai mace mai neman barbara a unguwa. Ita macen tana iya fara nema tun tana wata biyar ko shida. Akwai kuma wani sauyin hali da ke zuwa tsakanin shekara biyu da huɗu, lokacin da kowace ke fara jin ita ma tana da wurinta. Muzurai biyu da ba a fiɗiye ba, ko an cika ɗaki da Feliway za su yi faɗa. Maganinsu fiɗiya a hannun likitan dabbobi, da allurar barci, ba irin dandaƙar da ake wa bunsuru ba, kuma ko bayan an yi sai an jira makonni kafin zafin kan ya sauka. Mai shakka ta fuskar addini ya tambayi malaminsa tukuna. Uwar da ta haihu kuwa, in ta kori 'yar'uwarta daga kusa da 'ya'yan, aikinta take yi. A ba ta ɗaki, za ta sauko in sun fara girma.

Wani abu kuma, ba kowace kokawa ce faɗa ba. Masu wasa shiru suke yi, suna karɓa-karɓa wajen bin juna, farata a ciki, in sun gama su kwanta kusa da juna. Faɗa yana da murya. Sannan akwai faɗan da ba shi da murya ko kaɗan, wanda masu gida ba sa lura da shi: ɗaya ta kwanta a bakin ƙofa kamar mai hutawa, ta kafa wa ɗayar ido, ita kuwa ta kasa wucewa zuwa ruwa ko wurin kashi. Ba banza Bahaushe ya ce mage mai kwanciyar ɗaukar rai ba. In ka ga ɗaya ta koma zama kan sif, ta rame, ta fara fitsari a kan katifa, nemi wadda ke tare mata hanya.

Yanzu ga na'urar a cikin ɗakinmu, inda yawancin matsalarta take.

Abu na farko shi ne kan soket. A sayi ta Ingila mai ƙafa uku, ita ce ta dace da soket ɗinmu da wutarmu ta bolt 230. Ta Amurka an yi ta ne domin bolt 120. Wanda ɗan'uwa ya aiko masa da ita ya cusa kai tsaye zai ji ƙauri. Ta Turai mai ƙafa biyu tana ɗaukar wutarmu, amma sai da adafta, adafta kuwa yakan sa ta karkace. Dole kwalbar ta tsaya a tsaye. In ta kwanta ko ta juye, ruwan zai zubo, kuma mai ne, yana ɓata fenti. Saboda haka ma kamfanin ya hana a sa ta a doguwar wayar nan mai baki da yawa da ake yarwa a ƙasa.

Na biyu wuri. Sinadarin sama yake tashi da ɗumi, don haka ana son sarari a samanta. Soket ɗin da ke bayan kujera, ƙarƙashin teburin talabijin, ko bayan labule mai kauri, duk ɓarnar kuɗi ne. Man zai manne a katako ko a yadin ya bar tabo. Kusa da buɗaɗɗiyar taga ma haka, iska za ta kwashe. A nemi soket a ɗakin da magunan suka fi kwanciya, ba inda suke faɗa ba in wurin hanyar wucewa ce kawai. Murabba'in mita 70 da ke jikin kwali kuwa lissafin buɗaɗɗen falo ne. Ɗakinmu na ƙafa sha biyu-sha biyu kusan murabba'in mita 13 ne, a takarda ke nan za ta game ɗaki biyar, amma ba ta ratsa bango, kuma ba ta tsallaka tsakar gida daga ɗakin uwargida zuwa na amarya. Ɗaki biyu a ware, na'ura biyu.

Na uku, wanda ya fi duka, wuta. Ana so ta kwana ta wuni a kunne, kuma tana ɗaukar kamar kwana guda kafin ɗakin ya cika. Gidan da ke samun wuta 'yan awoyi a rana, kullum daga farko take farawa. Akwai wata yaudara a nan da ya kamata a sani: mutum zai ga wata biyu sun wuce kwalbar ba ta ƙare ba, ya ce kai, abin nan akwai auki. Ba auki ba ne, ba ta yi aiki ba ne. Ranar da aka maƙala, a ja layi da biro a jikin kwalbar daidai inda ruwan ya tsaya. Bayan mako ɗaya ya kamata ya sauka kamar kashi ɗaya cikin huɗu. In bai motsa ba, ko wutar ba ta isa, ko tana zuwa da rauni har ƙarfen ba ya ɗumi. A taɓa kan na'urar da bayan hannu, ya kamata a ji ɗumi-ɗumi. Abin daɗin shi ne ba ta da cin wuta, ƙaramar sola mai inbata za ta riƙe ta ba tare da an ji a jikin batir ba. Sai a haɗa da gargaɗin mutanen gida, domin babban abokin gabarta bayan ɗauke wuta shi ne yaron da zai zare ta ya sa cajin waya.

Zafi ma yana da nasa. Daga Maris zuwa Mayu, lokacin da Birnin Kebbi da Gusau ke haura digiri 40, ba mai hankalin da zai rufe tagogi saboda sinadari ya zauna, kuma rufe mage a ɗakin kwano da tsakar rana haɗari ne ga ranta. Lafiyar magen ta fi kwalbar muhimmanci. A buɗe taga, a yarda cewa rabin abin zai bi iska. Lokacin hunturu, da ake rufe ko'ina saboda ƙura da sanyi, shi ne lokacin da take samun ɗakin da ya yi kama da wanda aka ƙera ta dominsa. Turaren wuta mai ƙarfi kuma a ɗan ɗaga masa ƙafa a ɗakin magunan har a gama sulhu, domin aikin gaba ɗaya na hanci ne.

Ruwan cikin kwalbar dangin man fetur ne da aka tace. Yaro ya sha, haɗarinsa irin na kananzir ne: kada a sa shi amai, a kai shi asibiti da kwalbar a hannu. Soket ɗinmu da yawa suna ƙasa daidai hannun mai rarrafe, a yi la'akari da wannan.

Kuɗinta ba na faɗi ɗaya ba ne. Kayan waje ce, farashinta yana bin dala, kuma kowane wata sai an sayi sabuwar kwalba, ga kuɗin aikowa. A duba ranar ƙarewar aiki a jikin kwalin, a tabbata murfin bai taɓa buɗuwa ba. Wanda zai gwada ya yi shirin wata ɗaya cur, in da hali biyu; gwajin kwana biyar ba ya nuna komai.

Ko da na'ura ko babu, aikin sulhun ɗaya ne, kuma shi ne ke ɗauke da mafi yawan nauyin.

In faɗa ya kaure, kada a sa hannu ko ƙafa. A zura faffaɗan kwali, faifai ko murfin roba a tsakaninsu ya tare ido, ko a jefa bargo mai kauri kan ɗaya a tura ta wani ɗaki a rufe. Duka da tsintsiya ko ihu ƙara wuta suke; magen ba ta fahimtar horo ake mata, abin da take riƙewa shi ne duk lokacin da waccan ke kusa, bala'i na zuwa. Magen da ta harzuƙa tana iya kai awoyi, wani lokaci har kwana biyu, kafin ta dawo daidai. A bar ta kawai. Alamar ta sauko ita ce ta ci abinci, ta lashe jikinta, ta yi kashi.

Kowace ta sami ɗakinta da abinci, ruwa, wurin kwanciya, kwalin ɓuya da robar yashi. Wasu sukan ji nauyin kulle mage saboda hadisin matar da ta shiga wuta a kan magen da ta tsare. Laifin waccan mata shi ne ba ta ciyar da ita ba kuma ba ta sake ta ta nema ba; wannan tsarewar ta 'yan kwanaki ce da ci da sha. Robar yashi ba ta buƙatar kayan kanti. Tsohon baho mai faɗi da yashin gulbi da aka tankaɗe, zurfin kamar yatsu uku, ya wadatar, a kwashe kashin kullum. A nan ne ake kunna Feliway, tun ranar farko, a ɗakin wadda ta fi tsorata in guda ɗaya ce a hannu.

Bayan kwana biyu ko uku sai a fara musayar wari. A sami tsumma mai laushi a goga a kumatun ɗaya da ƙarƙashin haɓarta, a kai ɗakin ɗayar a ajiye a ƙasa, kada a tura mata a hanci. In ta shinshina ta wuce, ko ta goga fuskarta, an samu. In ta yi huci, a janye tsumman nesa a sake gobe. A riƙa musanya musu shimfiɗa. Daga nan a musanya ɗakunan kansu na awa ɗaya ko biyu ba tare da sun haɗu a hanya ba.

Sai ciyarwa a bakin ƙofa. Ƙofa a rufe, kwano ɗaya a wannan gefe, ɗaya a wancan, kowanne kamar taku uku daga ƙofar. A sa abin da suka fi so, wanda ba sa samu sai a wannan lokaci: ɗan bandar kifi irin na Yawuri ko Argungu da aka cire wa ƙaya, marar gishiri da yaji, ko dafaffiyar tsokar kaza. Kullum a matso da kwanukan kamar tafin hannu ɗaya. In ɗaya ta ƙi ci, an yi kusa da yawa, a koma inda aka tsaya jiya. Ranar da suka ci a jikin ƙofar kowace tana jin taunar 'yar'uwarta, an kai matakin gani. Ƙofar ragar sauro ita ce ta fi dacewa da wannan, a rufe rabinta da zane da farko. Minti biyu ko uku sun isa, a rabu tun ana shiri. Kallo na ɗan lokaci a kau da kai alama ce mai kyau, lumshe ido ya fi. Kafa ido ba ƙiftawa da kaɗa bakin wutsiya na nufin a sauke zanen.

Haɗuwa a ɗaki ɗaya ita ce ta ƙarshe, mutum na zaune da kwalinsa a gefe, ƙofa a buɗe domin mai son fita ta fita. Kuskuren da ya fi kowane ɓata aiki shi ne gaggawa. An ga kwana huɗu lafiya, sai a ce ai sun shirya, a sake su a tafi kasuwa, a dawo a tarar da jini. Faɗa ɗaya yana mayar da aikin mako biyu baya. Rashin gane wari kan warware cikin mako. Huce haushi mai tsanani yakan ci wata ɗaya zuwa uku.

Kuma sai an toshe inda ɓarakar ta shigo. In baƙon muzuru ne, a rufe ƙasan tagar da yake leƙowa da kwali ko takarda, a daina zubar da ƙayar kifi da sauran tuwo a gindin katanga, a wanke inda ya yi fitsari da omo da ruwa mai yawa. A raba kayan more rayuwa: kwanon ci daban-daban a wurare daban-daban, ruwa a wuri biyu nesa da abinci, robar yashi ɗaya ga kowace da ƙarin ɗaya, wato uku ga maguna biyu, kuma kada a jera su a lungu ɗaya da mage guda za ta iya tsarewa. A bar musu wurin hawa, ko saman sif ne ko kan buhunan hatsi, domin magen da ke da inda za ta hau ba ta cika tsayawa faɗa ba.

To ta yaya mai gida zai san na'urar ce ta yi aiki ko haƙurinsa? Gaskiya da wuya a raba, amma ana iya kusanta. A rataye kalanda a bakin ƙofa, duk huci a ja layi ɗaya, duk bin juna da gudu layi biyu, duk kokawa a zagaye ranar. A kwatanta makon farko da na huɗu. In layukan sun ragu sosai kuma kwalbar ta ƙare, a gwada mako biyu babu ita. In sun dawo, tana taimakawa, a sayi wata. In an yi wata guda wuta ba ta yanke mata ba, ruwan ya sauka yadda ya kamata, an bi matakan raba su, amma kalandar ba ta sauya ba, kwalba ta biyu ba za ta yi abin da ta farko ta kasa ba. A koma wurin likita ya sake duba lafiyarsu. Akwai magungunan rage tsoro da yake iya rubutawa gwargwadon nauyin magen, waɗanda ba a saye a kemis da ka. Akwai kuma magunan da ba za su sake kwana tabarma ɗaya ba. Irin waɗannan a gidan da ke da sassa biyu ana raba musu gida, ɗaya ta riƙe sashen ciki da madafi, ɗaya zaure da shago, kowace da kwanonta da yashinta, ƙofar tsakiya a rufe da dare.